Kafin a rufa wa haƙorinka hular tangaran

Mutane da yawa da aka yi wa cikon haƙori shekarun baya sukan lura cewa wurin ya yi duhu. Wani cikon ya koma baƙi, wani ya yi ruwan ƙasa a gefe, musamman a haƙoran gaba inda kowa ke gani idan an yi dariya. Daga nan sai a fara neman likitan da zai cire tsohon aikin ya rufa wa haƙorin hular tangaran mai kama da haƙori na asali. Aikin yana da kyau idan an yi shi a inda ya dace, amma ba kowane haƙori mai duhu ne ke bukatarsa ba.

A fara da dalilin duhun. Cikon ƙarfe da aka fi sani haɗi ne na zaiba, wadda ta kai kusan rabinsa, da azurfa da kuza da jan ƙarfe. Da tafiya ta yi tafiya yakan dushe, har duhunsa ya ratsa jikin haƙorin. Farin ciko kuwa shan launi yake yi: shayi, kofi, taba, da goro ga masu ci. Akwai kuma tsohuwar hula mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje, wadda idan dasashi ya ja baya sai a ga wani baƙin layi a gindin haƙorin. Abin da ya fi damun likita shi ne duhun da ke nuna cewa cikon ya saki, abinci yana shiga ƙarƙashinsa, ruɓa ta sake kamawa. Wannan sai an duba da kyau, sau da yawa har da ɗaukar hoton haƙorin.

Ga inda ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Kafin hula ta zauna, sai an fere haƙorin ta kowane gefe, wajen milimita 1 zuwa 2. Abin da aka fere ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa, kuma haƙorin zai zauna da hula har ƙarshen rayuwarsa. Wani lokaci ferewar kan taɓa jijiyar ciki, haƙorin ya riƙa tsami da ruwan sanyi, wani ma sai an cire jijiyar daga baya. Saboda haka idan cikon ƙarami ne kuma haƙorin na da ƙwari, sau da yawa goge tabon ko sake sabon farin ciko ya wadatar. Hula ta fi dacewa da haƙorin da ciko ya cinye yawancinsa, ko wanda ya tsage, ko turmin da aka riga aka cire masa jijiya.

Wasu tsoron zaiba ne ke kai su neman a cire musu cikon ƙarfe. Gaskiya ne duniya na janyewa daga cikon ƙarfe: Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi a rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga farkon 2025, sai a wasu lalurori na musamman. Amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta ba da shawarar a cire cikon da ke lafiya ƙalau ba, domin lokacin cirewar ne tururin zaiba ya fi fita, ga asarar lafiyayyen haƙori.

Aikin kansa yakan ɗauki zuwa biyu. A na farko a yi allurar kashe zafi, a cire tsohon cikon, a fere, a ɗauki awo, a sa hular wucin gadi. Bayan mako ɗaya ko biyu a manna ta dindindin. Wasu asibitoci suna da na'urar da ke sassaƙa hular a rana guda. Ga turame akan zaɓi zirkoniya saboda ƙarfinta. Ga haƙoran gaba akan fi son tangaran da haske ke ratsawa kaɗan.

Maganin fara haƙora ba ya aiki a kan tangaran. Wanda ke son ya haskaka sauran haƙoransa, ya yi hakan tun kafin a zaɓi launin hular, in ba haka ba za ta fita daban a baki.

Hula mai kyau takan kai shekara 10 zuwa 15, wata ta wuce haka. Ita ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana iya ruɓewa ta gefen dasashi, don haka buroshi da man goge baki da sakace da zare ba su faɗi ba. A bar fasa ƙashi ko buɗe kwalba da ita. Mai cizon haƙora cikin barci ya gaya wa likita tun farko.

Idan an ce maka hula za a sa, ka nemi likita ya nuna maka hoton, ya gaya maka yawan lafiyayyen haƙorin da ya rage, sannan ka tambaye shi ko sabon ciko zai iya riƙewa.