Tumbin Maigida Ba Shi Ne Arziki Ba

Yau hirarmu a kan jikin maigida ce.

Kun lura da yadda ake nuna mana namiji kuwa? A finafinan Hausa, in an tashi nuna mai kuɗi, sai a samo Alhaji mai ƙaton tumbi, ya sha babbar riga. A na Indiya kuwa, sai jarumi irin su Salman Khan ya tuɓe riga, ƙirji kamar bango. Mu ma a gida, in miji ya yi teɓa sai dangi su ce matarsa ta iya kiwo, in siriri ne a ce rowa take masa.

To 'yar'uwa, kada yabon dangi ya ruɗe ki. Kitsen ciki yana jawo hawan jini da ciwon suga. Ɗauki tef ɗin ɗinkinki, ki auna cikinsa daidai cibiya. In ya haura inci 40, ki rage masa mai da gishiri da lemon kwalba, ki lallaɓa shi ya je asibiti a duba shi.

Samarin gidanki kuma masu son ƙirjin fim, ki ja musu kunne kan shan ƙwayoyi don ɗaga ƙarfe.

Lafiya dai uwar jiki. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.