Tsanyawa da Alƙawarin 'Yancin Ƙananan Hukumomi

Abin da manomin Tsanyawa, ƙaramar hukumar da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, yake nema daga gwamnati bai wuce takin zamani kafin faɗuwar damina, da ruwan sha, da asibiti mai magani, da tsaro daga 'yan bindigar da ke tsallakowa ta iyakar Katsina ba, sai dai yana nemansa ne da yaƙinin wanda ya gaji siyasar talakawa. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano ya cusa wa mutanen karkara cewa mulki amana ce da ake iya tuhumar mai riƙe da ita, kuma da Gwamnan Kano Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, wato kuɗin da ake karɓa a kan kowane baligi da kuma kan shanu, bayan hawansa mulki a 1979, sai talaka ya shaida da idonsa cewa umarni guda yana iya sauke nauyin da ya daɗe a wuyansa.

Amma soke zalunci ya fi gina hukuma sauƙi. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e da zaɓaɓɓun majalisu, sai dai tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi yake biyowa ta hannun jiha, har shugaban ƙaramar hukuma ya koma yana jin tsoron fadar gwamna fiye da yadda yake jin kunyar waɗanda suka zaɓe shi. Wannan ne Kotun Ƙoli ta nemi warwarewa a ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Hukuncin adalci ne, amma bai taɓa tushen ciwon ba, domin har yanzu hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a Kano APC ta lashe kujerun shugabanni 44 gaba ɗaya a 2021, NNPP ta maimaita hakan a watan Oktoban 2024. Matuƙar jam'iyyar gwamna ce ke tsayar da shugaba kuma ta tabbatar masa da kujera, ko da kuɗin sun sauka a asusun Tsanyawa, mutumin ƙauye ba shi da igiyar da zai ja idan rijiyar burtsatse ta lalace aka bar ta shekara guda babu gyara.