Ɗakin gwajin da ke zaɓa wa mai sankarar mama magani

A galibin asibitocin koyarwa na Najeriya akwai wani sashe da marasa lafiya ba su cika shiga ba, amma takardar da ke fitowa daga cikinsa ce ke nuna irin maganin da za a bai wa mai ciwon daji.

Wannan shi ne sashen nazarin cututtuka, wanda likitoci ke kira fatoloji. Jama'a da dama sun ɗauka binciken gawa ne kaɗai aikinsa, alhali mafi yawan abin da ake dubawa a can daga jikin masu rai yake fitowa.

Muhimmancin sashen ya fi bayyana a kan sankarar mama. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kuma kimanin 16,000 suka rasu ta dalilinta.

Daga ɗakin tiyata zuwa madubin likita

Idan likita ya ji ƙullutu a nonon mace, hannu ko hoto ba za su tabbatar masa ko daji ne ba. Sai an ciro ɗan yankin tsoka, da allura ko ta ƙaramin aiki, an aika ɗakin gwaji.

Ana fara jiƙa tsokar a ruwan fomalin domin hana ta ruɓewa. Daga nan a tsane ruwan jikinta da sinadarai, a zuba ta cikin narkakken kaki irin na kyandir, a bari ya daskare.

Wata na'ura mai kaifi ce ke yanka kakin falle-falle, kowane falle bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Sai a ɗora a kan gilashi, a rina da launi biyu, shuɗi da ruwan hoda, yadda siffar ƙwayoyin halitta za ta fito a ƙarƙashin madubin likita.

A nan ne ƙwararren likita ke gane ko ƙullutun na daji ne ko marar illa, da nau'insa, da kuma alamun saurin girmansa.

Akwai masu gudun wannan mataki saboda camfin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe. Likitoci na bayanin cewa ciro ɗan samfuri ba ya sa cutar ta bazu, jinkirin zuwa asibiti ne ke ba ta damar yin hakan.

Sunan cuta ɗaya, magani daban-daban

Sanin cewa daji ne bai wadatar ba, domin sankarar mama iri-iri ce. Wani nau'in yana girma ne da taimakon sinadarin istrojin na jikin mace, saboda ƙwayoyinsa na ɗauke da wata kafa da sinadarin ke maƙalewa, wadda ake kira ER a taƙaice.

Mai irin wannan na amfana da ƙwayar tamoxifen, wadda ba ta da tsada sosai. Wani babban nazari da aka buga a 2011 ya nuna cewa shan ta na shekara biyar yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga wadda dajinta ba shi da wannan kafa kuwa, ƙwayar ba ta tsinana komai.

Wani nau'in kuma, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, yana da yawan wani sinadari mai suna HER2. Maganinsa shi ne trastuzumab, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015. Yana da tsada ƙwarai, don haka bai kamata iyali su sayar da kadara a kansa ba tare da an tabbatar zai yi aiki ba.

Gwajin da ke bambance waɗannan nau'o'i wani rini ne na musamman. Ana zuba wa fallen tsokar wasu sinadaran garkuwar jiki da aka sarrafa, waɗanda ba sa kama komai sai abin da ake nema. Inda suka kama sai wurin ya zama ruwan ƙasa, likita kuma ya ƙiyasta yawan ƙwayoyin da suka rinu.

Saɓanin alƙaluma a Ibadan

Sashen nazarin cututtuka na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan na daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. A can ne Farfesa George Edington ya kafa rajistar masu ciwon daji a 1960, wadda ta zama ɗaya daga cikin na farko a nahiyar Afirka.

Ibadan ɗin ce kuma ta kasance a tsakiyar wata muhawara da ta ɗauki hankalin masana. A 2008 wasu masu bincike ƙarƙashin Farfesa Clement Adebamowo sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa samfurori 192, inda suka samu kimanin kashi 65 cikin 100 na ɗauke da kafar ER, adadin da bai yi nisa da na Turai ba.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2009, wata tawagar da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ke jagoranta ta fitar da nata binciken a kan mata 507 daga Najeriya da Senegal. Ita kuma ta samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal ke da kafar.

Tazarar tana da girma, kuma ba batun lissafi kaɗai ba ne. Idan alƙaluman farko ne daidai, yawancin mata za su amfana da ƙwaya mai sauƙin kuɗi. Idan na biyu ne, akasarinsu sai magani mai ƙarfi da ake bayarwa ta ƙarin ruwa.

Masana sun kawo dalilai da dama, ciki har da gado da kuma ƙarancin shekarun matan da ke zuwa asibiti a Afirka ta Yamma. Sai dai hankali ya fi karkata ga yadda ake adana tsokar kafin a gwada ta.

A 2014 wasu masu bincike suka tattara nazarce-nazarce 80 da aka yi a Afirka suka kwatanta. Sun lura cewa inda aka yi amfani da sababbin samfurori da aka tattara domin binciken, adadin masu kafar ER ya fi na inda aka ɗauko tsofaffi daga ma'ajiya. A ƙasashen kudu da Sahara, adadin ya haura rabi a rukunin sababbin samfurorin.

Awa ɗaya bayan aiki

Abin da ke faruwa shi ne, da zarar an raba tsoka da jiki, sinadaran cikinta na fara lalacewa, musamman a wuri mai zafi. Idan suka lalace rinin ba zai samu abin kamawa ba, sai sakamako ya nuna babu, alhali kuwa akwai.

Saboda haka ne ƙungiyoyin likitocin daji da na nazarin cututtuka na Amurka suka fitar da ƙa'ida a 2010. Ta ce a sa tsoka cikin fomalin kafin awa ɗaya da cire ta, kuma ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72.

Cika wannan sharaɗi na da wuya a inda ɗakin gwaji ke nesa. Tsokar da aka cire a babban asibitin wata ƙaramar hukuma kan yi kwanaki kafin ta isa Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, sau da yawa a hannun dangin maras lafiya.

Wani lokaci akan zuba ta cikin fomalin da aka tsarma da ruwa fiye da kima. Wani lokacin kuma akan jefa nono gaba ɗaya cikin bokiti ba a tsattsaga shi ba, alhali fomalin na ratsa nama ne a hankali, kimanin milimita ɗaya a awa. Kafin ya kai tsakiya, cikin ya lalace.

Ƙwararren likita na da hanyar gane irin wannan matsala. Yakan duba lafiyayyun ƙwayoyin nono da ke gefen dajin, waɗanda a al'ada wasunsu kan rinu. Idan su ma ba su rinu ba, to ba a yarda da sakamakon ba, sai a sake.

Horo na shekaru

Irin wannan ido ba a samunsa dare ɗaya. A Najeriya sai mutum ya yi shekara shida yana karatun likita, ya yi shekarar sanin makamar aiki da ta hidimar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekara biyar zuwa shida a asibitin koyarwa.

Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da takwararta ta Afirka ta Yamma su ne ke shirya jarrabawa. Kafin kammalawa dole ɗalibi ya gudanar da bincike ya rubuta kundi, abin da ya sa koyarwa da bincike da duba samfurorin marasa lafiya ke tafiya tare a sashe ɗaya.

Fannin ya kasu huɗu: nazarin tsoka, da na jini, da na sinadaran jiki, da na ƙananan ƙwayoyin cuta. Tare da likitocin akwai masana kimiyyar ɗakin gwaji, waɗanda su ne ke sarrafa tsokar, su yanka, su rina.

Ƙwararrun sun yi kaɗan. Wani nazari da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2013 ya nuna cewa a yawancin ƙasashen kudu da Sahara ba a samun likita ɗaya na wannan fanni ga mutum 500,000, yayin da a Amurka da Birtaniya ake da ɗaya ga mutum 15,000 zuwa 20,000. Ƙaurar likitoci zuwa ƙasashen waje ta ƙara tsananta lamarin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gwada ita ce horo ta intanet. Masana a Ibadan da abokan aikinsu na Shikago sun riƙa duba hotunan gilasai iri ɗaya suna kwatanta hukuncinsu, kuma rahoton da suka buga a 2013 ya nuna cewa daidaiton sakamakonsu ya ƙaru bayan horon.

Sababbin gwaje-gwaje

Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita domin gano tarin fuka a 2010, tana nan a asibitoci da dama na Najeriya. Kamfanin da ke ƙera ta ya samar da wani gwaji mai suna STRAT4, wanda ke auna alamun ER da HER2 daga ɗan fallen tsoka cikin awanni kaɗan.

An jarraba shi a Ruwanda, kuma sakamakonsa ya dace ƙwarai da na rini, musamman a kan ER da HER2. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar sinadarai masu yawa da sai an shigo da su an ajiye a firji, a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Haka kuma akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton gilashi gaba ɗaya su aika ta intanet, yadda ƙwararren da ke wani gari zai duba a kwamfuta. Ana kuma koya wa kwamfutoci taimakawa wajen ƙirga ƙwayoyin da suka rinu.

Duk waɗannan na dogara ne da ingancin tsokar da aka kawo, kuma har yanzu sai likita ya fara tabbatar da cewa daji ne a ƙarƙashin madubi.

A shirin da ta ƙaddamar a 2021 kan sankarar mama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buƙaci a kammala duk binciken gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Likitoci na shawartar iyalai su tabbatar an kai duk tsokar da aka cire ɗakin gwaji ba tare da ɓata lokaci ba, su karɓi sakamakon a rubuce, su kuma tambaya ko an duba ER da HER2 kafin a fara sayen magani.