Tsohuwar Kwalba Ma Tana Da Labari

Ɗalibai da yawa za su yi dariya in suka ji cewa a Amurka akwai mutanen da suke ɓata ranakun hutunsu wajen haƙa tsofaffin masai. Ba taɓuwa ke damunsu ba, tsofaffin kwalabe suke nema. A da, kafin hukuma ta fara kwashe shara a biranensu, ramin bayan gida shi ne jujin iyali. Kwalbar magani, fasasshen tangaran da lofe duk can ake jefa su. Bayan shekara ɗari ƙazantar ta zama ƙasa, amma kwalba ba ta ruɓewa.

Masu wannan sha'awa sukan duba tsohuwar taswirar gari, su nemi izinin mai gida, sannan su riƙa caka doguwar sandar ƙarfe a ƙasa. Inda sandar ta shige da sauƙi, nan tsohon rami yake.

Yaya ake gane shekarun kwalba? Tun asali da baki ake hura ta, saboda haka akan ga tabo a gindinta inda maƙerin ya ɓalle sandarsa. A 1892 William Painter ya ƙirƙiro marfin ƙarfe irin na kwalbar lemo. A 1903 kuma Michael Owens ya fito da injin yin kwalabe. Kwalbar inji tana da siririn layi daga gindi har leɓen baki. In ka ga haka, ka san ba ta girmi 1903 ba.

Mu a nan ba mu da wannan al'ada, kuma ba na ba kowa shawarar shiga tsohuwar shadda. Rami yakan rufta, iskar ciki kuma tana kisa. Amma muna da juji da kufai. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti sun yawaita a kasuwanninmu. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara yi a 1920, ya shiga ɗakin amare birni da ƙauye. Ƙaramar kwalbarsa a kufai shaida ce cewa an zauna a wurin bayan wannan shekara. Tsofaffin kwalabe kuwa ba su cika yawa a jujinmu ba, domin iyayenmu ba sa yar da su. Sukan zuba man gyaɗa ko kananzir a ciki, a Bida ma har narka su ake yi a ƙera tsakiya da awarwaro.

Sai dai a kula da wani abu. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kai itace birni a kan jakuna, su dawo da mangala cike da shara don taki. Ke nan kwalbar da garma ta tono a gona wataƙila daga wata unguwa a cikin birni ta fito. Wadda aka samu can ƙasan jujin kufai, tare da tsingaro da toka, ita ce ke ba da labarin mutanen wurin. Shi ya sa masana suke kuka da masu haƙa don sha'awa ko kuɗi. Da zarar an raba abu da mazauninsa ba tare da an rubuta ba, rabin labarinsa ya ɓata. Haka aka yi wa wurare da yawa na gumakan Nok, waɗanda aka wawashe aka sayar a ƙasashen waje.

Don haka ɗalibai, in kun koma gida hutu kuka tsinci wani tsohon abu a gona, ku rubuta wurin da zurfinsa da abin da ke kusa da shi. Ku tambayi dattawa su wa suka zauna a nan. Kada ku ci gaba da haƙa, domin dokar 1979 ta hana tonon kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ku sanar da malamin tarihi, ko ma'aikatan Gidan Makama a Kano. Mai yiwuwa abin da kuka tsinta ya cike wani gurbi a tarihin garinku.