Duwatsun Cikin Taya: Amfaninsu da Abin da Ya Fi Su Araha

Da yawa cikinmu a Nima da Maamobi abincin gidanmu daga taya yake fitowa: wani babansa direban trotro ne, wani yayansa na tuƙa tasi ko babur, wani kuma mai facin taya ne a bakin titi. Shi ya sa na ga ya dace mu san wani abu da direbobi ke yawan magana a kai, wato duwatsun daidaita taya.

Da farko, mene ne matsalar? Babu tayar da nauyinta ya zo daidai a kowane gefe, ko sabuwa ce. Gefe ɗaya kan ɗara sauran da 'yan giram kaɗan. A cunkoson Nima Highway ba ka jin komai. Amma ka hau Motorway ta Tema, gudu ya kai kilomita 80 zuwa 100 a awa, sai sitiyari ya kama rawa a hannunka. Wannan rawar tana cinye taya ta gefe ɗaya, tana kashe shokozoba da boris, tana kuma gajiyar da direba.

Maganin da aka saba shi ne balansin. Ana ɗora tayar a kan inji ya juya ta, ya nuna inda ya fi sauƙi, sai a maƙala ɗan ƙarfe a jikin rim. Da darma ake yin ƙarfen, amma Tarayyar Turai ta hana na darma tun 2005 saboda gubarsa, yanzu akwai na baƙin ƙarfe da na zinki.

To su duwatsun fa? Ƙananan ƙwayoyi ne na gilas ko na tangaran, kaman ƙwayar gero, ana zuba su cikin tayar kanta. Idan ta fara gudu sai su watsu a jikin bangonta. Duk lokacin da gefe mai nauyi ya fizgi tayar, su sai su koma ɗaya gefen, kaman yadda fasinja ke komawa baya in direba ya figi mota. A haka nauyin ke daidaita da kansa. Sun fi aiki a manyan tayoyi, irin na tirelolin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Kumasi, Tamale har Burkina Faso, inda taya ɗaya kan ci wajen giram 300. Masu babur ma suna sa su. Amma a ƙaramar mota mai faffaɗar taya ba su cika gamsarwa ba, don suna gyara tsallen sama da ƙasa ne, ba kaɗawar hagu da dama ba.

Da yake daga waje ake kawo su, mutane na neman madadi: yashi, ruwa, ƙwallayen boris, ko ƙwayoyin roba na bindigar wasan yara. A nan ne hatsarin yake. Iskar Ankara akwai laima, kuma kwamfaresan bakin titi kan tura ruwa tare da iska. Yashi in ya jiƙe sai ya dunƙule wuri ɗaya, ya zama shi ne ma nauyin da ake gudu. Yana kuma goge fatar cikin tubles wadda ke riƙe iska, ya shiga bawul ya hana shi rufewa. Ruwa na sa rim tsatsa. Ƙwallayen ƙarfe suna cin tayar daga ciki, inda ido ba ya gani. Ƙwayoyin roba sun fi waɗannan dama, amma ba don zafin taya aka yi su ba. Araha ba ta ado, ballantana a motar da ta ɗauko rayukan mutane.

To mene ne ya fi araha na gaskiya? Kafin ka kashe ko sidi ɗaya:

1. Wanke taɓon da ya bushe a cikin rim, musamman da damina. Shi kaɗai yana sa rawa.
2. Auna iska da safe, taya na sanyi.
3. Duba ko ramin hanya ya lanƙwasa rim, ko taya ta yi ƙulu. Waɗannan ba dutsen da zai gyara su.
4. In za ka sayi ta hannu a Abossey Okai, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT. Misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta hana tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, kuma zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6.

In duk wannan lafiya kuma rawar ba ta daina ba, mai ƙaramar mota ya je a yi masa balansin a kan inji. Mai babbar mota da ke son duwatsu ya sayi na ainihi, a auna masa gwargwadon girman tayarsa, a sa bawul mai matata.

'Yan uwa, ku karanta wa na gida da ke tuƙi. Allah ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.