Ɗalibin Jeka-ka-dawo da Matsalar Sabo da Zaman Kwaleji: Misali daga Unguwar Gawuna, Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba halin da sabon ɗalibi yake shiga a zangonsa na farko a kwalejin horon malamai, da yadda wannan hali yake gina shi ko ya karya shi. Masana ilmin tarbiyya sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan al'amarin, amma galibi ɗalibin da suke nufi shi ne wanda ya ɗaure kayansa, ya bar gidan iyayensa, ya tare a ɗakin kwanan makaranta. Mu kuwa a nan Kano, da yawa daga cikin waɗanda muke koyarwa a gida suke kwana, a gida suke cin tuwo. Safiya ce take kai su kwaleji, yamma ta maido su. Irin wannan ɗalibi na jeka-ka-dawo shi za mu sa a gaba, kuma mun ɗauki ɗan unguwar Gawuna, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa, ya zama misalinmu. Abin da muke so mu nuna shi ne, bayan wahalar kuɗi da ta hanya, babban abin da wannan ɗalibi ya rasa shi ne wani babba guda ɗaya a cikin kwalejin wanda ya san shi, ya san sunansa.

2.0 Waiwaye

Bai kamata a yi maganar sabo da makarantar boko a Nassarawa ba tare da an tuna cewa a nan aka fara fuskantar matsalar. A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a wannan yanki, gidansa kuma yana nan har yau. 'Ya'yan sarakuna da malamai suka taho daga larduna daban-daban. Dabarar da ya bi don kada su firgita ita ce ya rage musu baƙunta iyakar iyawarsa: da Hausa aka koyar da su, aka bar su da tufafinsu na gida, ba a kuma raba su da karatun addini ba. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai aka ɗauki wata hanyar. Turanci ya zama harshen koyarwa, ɗalibi kuma ya zauna shekaru a gidan kwana, yana wasa da cin abinci da abokan da bai taɓa sani ba. Daga nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Waɗannan hanyoyi biyu sun sha bamban, amma sun haɗu a abu ɗaya, watau ɗalibai kaɗan ne, kowane malami ya san kowane yaro.

Abin ya sauya ne bayan 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Buƙatar malamai ta hauhawa, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce takardar NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa nan gaba, aka kuma kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa a 1989. Ƙofa ta buɗe wa ɗan talaka, wannan kuwa alheri ne babba. Sai dai azuzuwa sun cika, ɗakunan kwana ba su ƙaru gwargwadon yawan ɗalibai ba, sanayyar nan da ke tsakanin malami da ɗalibi ta yi ta raguwa ba tare da wani ya yanke shawarar a rage ta ba.

3.0 Abin da Masana Suka Ce, da Inda Bai Dace da Mu ba

Ra'ayin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na Vincent Tinto, wani masani ɗan Amurka, wanda ya fara bayyana shi a 1975 ya kuma faɗaɗa shi a littafinsa na 1987. A taƙaice, cewa ya yi ɗalibi yana jure zaman kwaleji ne gwargwadon yadda ya saje da ita ta fuska biyu, fuskar karatu da fuskar hulɗa da jama'a. Ya aro matakai uku daga Arnold van Gennep, wanda ya yi nazarin bukukuwan sauya matsayi a 1909: rabuwa da tsohon gida, zaman tsaka-tsaki, sa'an nan shiga sabuwar jama'a. Bahaushe ba baƙo ne ga wannan tsari ba, domin haka ake yi wa amarya, daga kamu zuwa lalle zuwa kai ta ɗakinta.

To, amma ɗan Gawuna ba ya rabuwa da gida. Da safe shi ɗalibin babbar makaranta ne da ake so ya yi musu, ya kawo hujja, ya ƙalubalanci littafi. Da yamma ya koma ɗan gidansu, wanda za a aika kasuwa, wanda ba ya ɗaga ido gaban mahaifinsa. Matakin nan na tsaka-tsaki da ake zaton na 'yan watanni ne, shi kullum sau biyu yake ratsa shi, har shekara uku. Ko a Amurka ma William Tierney ya soki wannan ra'ayi a 1992, bisa cewa yana ɗora wa ɗalibi sharaɗin barin al'adarsa kafin ya ci nasara. Mu a ganinmu sukar ta fi ƙarfi a nan, inda barin gida ba ya cikin zaɓin da aka ba yawancin ɗalibai, musamman mata.

4.0 Yinin Ɗan Gawuna

Gawuna tana maƙwabtaka da Gama da Tudun Wada da Ƙaura Goje, a ɓangaren arewa maso gabas na Kano. Manyan makarantun kuwa suna can wasu kusurwoyin. Kwalejin da aka daɗe ana kira ATC tana wajen Kabuga, Kwalejin Sa'adatu Rimi tana kan hanyar Zariya, sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuma yana kan hanyar Gwarzo. Duk wadda aka ba ɗalibi gurbi a cikinta, sai ya keta gari. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairu na 2013, A Daidaita Sahu ya zama abin hawan ɗalibi, kuma sau da yawa hawa ɗaya ba ya kai shi. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa kuɗin mota nauyi ƙwarai. Sakamakon haka shi ne ɗalibi yakan zauna ya yi lissafin ranakun da za su ci kuɗin motarsa: ranar da take da lacca uku ya je, ranar da take da ɗaya ya haƙura. Mu malamai a rajista muke ganin abin, mu rubuta shi a matsayin fashi, alhali lissafin aljihu ne.

Wannan yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Abin da yake sa mutum ya ji shi ɗan wuri ne, ba cikin aji yake faruwa ba galibi. A gindin bishiya ne bayan lacca, da wajen mai shayi, da taron ƙungiyar ɗalibai, da laburare da yamma. Ɗan jeka-ka-dawo yana fita daga aji hankalinsa yana kan titi, kada cunkoson la'asar ya rutsa da shi. Mace kuwa an ce ta dawo kafin magariba, in matar aure ce ga girki da yara suna jira. Saboda haka sai a shafe zango guda ɗalibi bai san kowa ba in ban da wanda suke zama kusa.

4.1 Kunya da Tambaya

A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin a nan ne al'ada da kwaleji suka fi yin karo. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, cikinsu har da kunya da ladabi da haƙuri. Da waɗannan aka reni ɗalibinmu, kuma ba mu da niyyar kushe su. Amma a dubi yadda suke aiki a ɗakin lacca mai ɗaukar ɗaruruwa. Malami ya yi bayani da Turanci, cikin sauri, ya ce akwai mai tambaya? Yaron bai gane ba. Ladabi ya hana shi nuna cewa bayanin babba bai gamsar ba. Kunya ta hana shi tashi gaban mata da maza ya yi Turancin da za a yi masa dariya. Haƙuri kuma ya ce masa ya bari, wataƙila gaba zai gane. Halaye uku na kirki sun taru sun rufe masa baki.

Kada a ce wai Bahaushe bai iya tambaya ba. Shi ne ya ce matambayi ba ya ɓata. A duba makarantar zaure, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, ya jira layinsa, ya matso gaban malam ya karanta, malam ya fassara, ya gyara, ya tsaya inda ya ga ƙarfin ɗalibin ya tsaya. A wannan zama tambaya ba ta zubar da mutunci, domin tsakanin mutum biyu ne da suka san juna. Malam ya san mahaifin yaron, ya san sana'arsa, in bai gan shi kwana biyu ba zai aika a dubo shi. Da yawa daga cikin 'yan unguwanni irin su Gawuna sun san wannan tsari, ko wanda ya yi kama da shi a Islamiyya. Abin da ya ɓace musu a kwaleji ke nan, watau wurin da za a yi tambaya ba tare da an ji kunya ba.

Ga kuma batun harshe. Manufar 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa kafin a koma Turanci. A aikace, a makarantun gwamnati da yawa, malami yakan karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa har zuwa ƙarshen sakandare. Ranar farko a kwaleji aka janye wannan tsani gaba ɗaya.

4.2 'Yanci

A sakandare ƙararrawa ce take tafiyar da yaro, da bulala a bayanta. A kwaleji babu ko ɗaya. Shi zai yi rajistar kwasa-kwasansa, ya nemo ɗakin lacca, ya san ranar gwaji. Ba kasafai ake zaunar da shi a bayyana masa cewa makin ayyuka da gwaje-gwajen cikin zango wani kaso ne na sakamakon ƙarshe ba, ko cewa kwas ɗin da ya faɗi zai biyo shi shekara mai zuwa ya hau kan sababbi, ko cewa matsakaicin makin zangon farko yana bin sa har ranar fita. Yakan gano waɗannan ne a jikin allon sanarwa, bayan aikin gama ya gama.

5.0 Inda Girman Yake Fitowa

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki zaman gida a matsayin naƙasu kawai. Ɗalibin da ya tsallake shekarar farko yakan fito da wani abu da ɗan ɗakin kwana ba ya samu da wuri. Tun yana aji ɗaya unguwa ta fara kiransa malam. Shi ake kawo wa takardar asibiti ya karanta, shi yake cike wa ƙannensa fom, wani ma yana koyarwa a Islamiyya da daddare. Abin da ya ji a darasin ilmin halayyar yara da safe, yana gwada shi a kan yaran gidansu da yamma. Idan lokacin koyarwar gwaji ya zo a shekara ta uku, muna ganin irin waɗannan ɗalibai sun fi sakin jiki gaban aji, domin sun san gidajen da yaran suka fito, sun san abin da ake nufi in yaro ya zo bai karya ba. Kunyar nan ma ba ta gushe ba, wuri ta samu. Ya koyi inda ake sunkuyar da kai da inda ake ɗaga murya, wannan kuwa shi muke ganin ya cancanci a kira girma ga wanda zai zama malamin makaranta.

Matsalar ita ce waɗanda ba su kai nan ba. Su ba sa zuwa su yi sallama. Suna raguwa ne a hankali, daga kwana biyar a mako zuwa uku, zuwa ranar jarrabawa kaɗai, har wata rana a ji suna Kantin Kwari ko suna tuƙa A Daidaita Sahu.

6.0 Abin da Sashe Zai Iya Yi

Gina ɗakunan kwana da rage kuɗin mota sun fi ƙarfin malamin aji, saboda haka ba za mu ɓata lokacin taro a kansu ba. Abin da yake hannunmu shi ne mu aro tsarin zaure. Mai ba da shawara guda ɗaya ga aji sukutum ba ya wuce sa hannu a takardun rajista. Muna ba da shawara a raba sababbin ɗalibai ƙananan rukunoni, kowane rukuni a damƙa shi ga malami ɗaya na tsawon zangon farko, su zauna sau ɗaya a mako, a kuma halatta Hausa a wannan zama. In malaman ba su isa ba, a haɗa da ɗaliban shekara ta uku masu natsuwa, mata ga mata.

Bitar sababbin ɗalibai kuma, wadda akan yi yini ɗaya a babban ɗakin taro, sau da yawa kafin waɗanda suka makara da rajista su iso, gara a warwatsa ta cikin waɗannan zama na mako-mako. Wajen raba rukunonin a duba unguwa, ta yadda 'yan Gawuna da Gama da Dakata za su faɗa wuri ɗaya, su riƙa haɗa kuɗin mota, su yi bitar karatu a wata makarantar firamare kusa da gida ranar Asabar. Sa'an nan mai tsara jadawali ya yi ƙoƙari kada ya bar wa 'yan aji ɗaya ranar da take da lacca guda tak, ko laccar da za ta wuce ƙarfe huɗu na yamma.