Idan Sujada Ta Yi Sanyi

Akwai wani koke da ba ya tsufa a ikilisiyoyin Arewacin Nijeriya: "Sujadarmu ta yi sanyi." Mai faɗin haka ba yana nufin majami'a ta zama kango ba ne. Sau da yawa benci cike yake, 'yan kwaya sun rera waƙarsu, an karɓi baiko, fasto ya yi wa'azi har ya zarce lokaci. Abin da ake kuka da shi shi ne mutane suna fita yadda suka shigo, waƙa ta tsaya a leɓe, addu'a kuma ta koma hadda. Maganin da aka saba da shi shi ne dattawa su zauna su sa ranar taron falkaswa: kwana uku ko mako guda, a gayyato baƙon mai wa'azi, a yi hayar lasifika, a buga takardun gayyata. Wani lokaci a kan dace. Amma duk wanda ya daɗe a ikilisiya ya san cewa galibi kafin wata ya zagayo an koma gidan jiya.

Damuwar ta girmi ikilisiyoyinmu nesa ba kusa ba. A littafin Wahayin Yahaya an tsawata wa ikilisiyar Lawudikiya don ba ta da zafi ba ta da sanyi, wannan kowa ya sani. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta Afisa. Ita ba a zarge ta da ragwanci ba, ba a kuma same ta da karkatacciyar koyarwa ba. Yabonta ma aka yi kan wahala da jimiri da ƙin maƙaryata. Laifinta guda, ta saki ƙaunar da take da ita da fari. Ashe ikilisiya tana iya cika da hidima, rahotonta na shekara ya yi kyau, alhali abin da ya tara ta tun farko ya tafi ba wanda ya lura.

To, a lokutan da zafin nan ya zo wa ikilisiyoyin Arewa da gaske, ta wace ƙofa ya shigo? Tarihinsu ba shi da tsawon da zai hana a duba.

'Yan mishan na SIM sun sauka Legas a 1893, biyu daga cikin ukun farko suka rasu ba su ga amfanin wahalarsu ba, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Na SUM suka yi zango a Wase a 1904, Dokta Walter Miller na Angalika ya zauna Zariya a 1905, waɗanda suka haifar da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuma suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, harshen ya zama igiyar da ta ɗaure Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bura da Margi da Hausawa masu bi a sujada guda. Sai dai salon sujadar na baƙi ne. A zauna layi-layi, a tashi a rera waƙar da aka ɗauko muryarta daga Ingila ko Amurka aka ɗora mata kalmomin Hausa, wani gurin gaɓa mai tsawo ta gajarce, gajeriya ta miƙe. Ganga da rawa kuwa yawancin 'yan mishan sun hana, domin a ganinsu kayan tsafi ne da na bukin giya. Ba raina Littafin Waƙoƙi nake yi ba. Wanda ya taɓa ganin tsofaffi suna rera waƙoƙinsa da ka a wurin jana'iza, hawaye na zuba, ba zai ce babu rai a cikinsa ba. Amma mutanen da suka tashi suna noma da waƙa, suna daka da waƙa, suna rakiyar amarya da waƙa, an bar rabin jikinsu a ƙofar majami'a.

Waɗanda suka shigo da wannan rabin, mata ne. Zumuntar mata ba ta jira an zauna taron majalisa an ba ta izini a rubuce ba. A hankali ta shigo da tukunyar ƙasa da ake buga bakinta, da caki, da kuge, daga baya ganga ta biyo. Tsarin waƙarsu shi ne wanda kowa ya sani tun yana goye: mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Suna ɗaukar labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko na ɗa mubazzari, ko na budurwai goma, su zuba shi cikin baitocin da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta haddace a zama biyu. Cikin waƙa suke yi wa mai gulma faɗa, su ja kunnen maigidan da ke kwana a gidan burkutu, kuma yana zaune a wurin yana ji, ba halin ya yi fushi. Sannan waƙar ba ta ƙarewa ranar Lahadi. Su ne a gidan makoki tun kafin a binne, su ne a gidan haihuwa, su ne a asibiti da kwanon abinci. A ra'ayina babu wani mai wa'azi, komai sunansa, da ya kai su dasa Littafi a zukatan talakawan Arewa. Ikilisiyar Katolika ma, da babban taronta na Batikan ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan gida a 1963, ta wannan hanyar ta bi.

Ƙofa ta biyu ita ce Sabon Rai Don Kowa, wanda ya kankama a wajen 1964 a lardunan Filato da Zariya. An aro tsarinsa daga wani yunƙurin bishara da aka yi a Latin Amurka, kuma Gerald Swank na SIM yana cikin waɗanda suka assasa shi. Tunanin mai sauƙi ne: aikin shaida ba na fasto da mai bishara kaɗai ba ne, na kowane mai bi ne. Kafin a fita wa'azi sai da aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, mutum biyar, mutum goma, aka koya wa manomi da tela da matar aure yadda za su faɗi bangaskiyarsu da bakinsu. Ɗarikoki da ba sa ga maciji da juna suka yi aiki tare. Mutumin da ya kwana shida yana addu'a da maƙwabtansa, in ya shigo majami'a ran Lahadi ba sai an roƙe shi ya buɗe baki ba. Har yau ƙungiyoyin Sabon Rai suna nan a ikilisiyoyi da yawa, ko da yake a wasu wuraren sun koma ƙungiyar mawaƙa kawai, an manta da addu'ar gida da ta haife su.

Sai ɗalibai. Ƙungiyar ɗalibai masu bi ta FCS a Gindiri aka kafa ta a 1957, kuma bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, wata farkawa ta ratsa makarantun ƙasar nan, Gindiri ɗin ma ba ta tsira ba. Abin lura a irin wannan farkawa shi ne ba waƙa ce babbar alamarta ba, tuba ce. Haka aka gani a Gabashin Afirka tun shekarun 1930, inda farkawar da ta tashi daga Gahini a Ruwanda ta sa mutane suna tsayawa gaban jama'a suna furta zunubinsu. Haka kuma ikilisiyar Deeper Life, wadda W. F. Kumuyi ya fara a matsayin ajin nazarin Littafi a Legas a 1973, ta yi suna da koyar da cewa wanda ya tuba sai ya mayar da abin da ya ci na wani. Kuka a majami'a abu ne mai sauƙi. Zuwa shagon wanda ka cuta da kuɗinsa a hannu, wannan sai wanda abin ya taɓa.

Dattawan wancan zamani da yawa ba su ji daɗin yaran ba. Sun ga rashin kunya a yaron da ke cewa fasto bai sami ceto ba, sun tsorata da magana da harsuna da addu'a da ƙarfi. Wani tsoron nasu yana da dalili, wani kuwa kishin kujera ne. Aka yi ta sa matasa ƙarƙashin horo, su kuma suka yi ta ficewa zuwa sababbin majami'un Fentikos, waɗanda ake danganta tushensu da taron titin Azusa na Los Anjalas a 1906. Kaduna kanta ta zama cibiyar mai wa'azin Fentikos David Oyedepo a shekarun 1980 kafin ya koma Legas. Da tsofaffin ɗarikoki suka ga 'ya'yansu suna zurarewa, sai suka aro abin da ido ke gani: lokacin yabo kafin wa'azi, jita, ganguna irin na Turawa, makirufo, addu'ar dare. Aron ba laifi ba ne. Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal da ta raina shi ce labarin bai yi wa daɗi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da aka aro ya juya akalar sujada ta inda ba a zata ba. Mata da 'yan Sabon Rai da ɗalibai duk abu guda suka yi: sun mayar wa mutumin da ke kan benci muryarsa. Lasifika kuwa, in ba a yi hankali ba, karɓe ta take yi. Idan aka ƙure na'ura har mutum ba ya jin na kusa da shi, ba ya ma jin kansa, sai ya daina rerawa, ya koma tafi da kallo. Mai jan waƙa ya ɗauko murya can sama inda shi kaɗai zai kai, ya zaɓo sabuwar waƙar Turanci da ya ji a waya shekaranjiya, iyaye mata suna tsaye suna motsa leɓe. Daga waje za ka rantse ana cikin falkaswa, domin ƙara ta cika unguwa. In aka ɗauke wuta ne asiri ke tonuwa: mutum ɗari biyar a ɗaki, amma muryar da ke tashi ba ta kai ta ashirin ba. 

Littafi bai bar mutane cikin duhu kan wannan ba. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ne suka wuni suna ihu da tsalle har suna tsaga jikinsu, addu'ar Iliya kuwa gajeriya ce. Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa sura 14, bai hana magana da harsuna ba, amma ya ƙayyade mutum biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara. Abin da ake yawan tsallakewa a surar shi ne hoton taron da ya zana: wannan ya zo da waƙa, wancan da koyarwa, wani da wahayi, duka don a gina juna. Taro ne na masu kawowa. Mai wa'azi Jonathan Edwards, wanda ya ga babbar farkawa a Amurka da idonsa, ya rubuta littafi a 1746 inda ya nuna cewa kuka da rawar jiki da yawan magana ba sa tabbatar da aikin Ruhu Mai Tsarki, ba sa kuma ƙaryata shi. Wannan hukunci ya kama ɓangare biyu: dattijon da ke ganin duk mai ɗaga hannu mayaudari ne, da saurayin da ke ganin duk mai shiru matacce ne. Ya kuma kama mai wa'azin da ya san daidai lokacin da zai sa mai jita ya sassauta kiɗa, jama'a na hawaye, sannan ya ce a fito da kuɗin alkawari. Wannan wutar kara ce, kafin a isa gida ta zama toka.

Shekarar 2014 ta gwada wannan magana ta hanya mai zafi. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa. A watan Oktoba Boko Haram ta mamaye hedikwatar ɗarikar a Kwarhi kusa da Mubi, majami'u masu yawa suka ƙone, jama'a suka watsu zuwa Yola da Jos da kewayen Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. Ba wanda ya gudu da lasifika a ka. Abin da suka tsira da shi shi ne abin da ke cikinsu, waƙoƙin da suka haddace da ayoyin da ke cikin waƙoƙin, kuma da shi suka ci gaba da taruwa. A 2015 mawaƙan zumuntar matan wannan ɗarika suka zagaya ikilisiyoyin Amurka suna rera waƙoƙinsu, wato ƙasar da 'yan mishan ɗin Garkida suka fito.

Tambayar da ta kamata ta dami shugabanni ita ce ko yaran da ke tasowa yanzu suna da irin wannan guzuri. A Jos da Kaduna da Bauchi da Gombe ikilisiyoyi da yawa sun raba sujada biyu, sashen Turanci da sashen Hausa. Dalilin a fili yake, yaran birni da makarantar Turanci suka tashi. Amma rabon ya kwashe matasa da kayan kiɗa zuwa gefe guda, ya bar tsofaffi da tukunya da Littafin Waƙoƙi a ɗaya gefen. Yarinya tana iya kai shekara ashirin a ikilisiya ɗaya da kakarta ba ta taɓa tsayawa kusa da ita ta amsa waƙa ba, sai fa ran Kirsimeti ko ran godiyar kaka da ake haɗa sassan biyu, a ranar ma rabin lokacin sanarwa ke cinyewa.